Idan Manoman Indiya Suka Tare Hanya: Amsa Ga Mai Shirin Kai Mahaifiyarsa Asibiti A Delhi

"Assalamu alaikum Malam. Likitoci sun ba mu shawarar mu kai mahaifiyarmu Indiya a yi mata aikin gwiwa, kuma asibitin da muke magana da shi yana yankin Delhi. Wani abokina ya ce manoman ƙasar sukan rufe manyan hanyoyi wata da watanni, har mutum ya kasa kaiwa asibiti ko filin jirgi. Shin haka abin yake? Me zai sa manomi ya bar gonarsa ya tare a kan titi, kuma yaya za mu tsara tafiyarmu don kada abin ya rutsa da mu?" Daga wani mai karatu a Kano.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ce, kai kuma ya saka maka da alheri a kan wannan ɗawainiya. Abin da kake son sani, idan na fahimce ka, shi ne ko zanga-zangar manoman Indiya za ta iya shiga tsakanin marar lafiya da likitanta, da kuma dabarar da za ta hana hakan. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai labarin ya iso maka a dunƙule. An rufe manyan hanyoyi fiye da shekara guda, kuma sau biyu hakan ta faru, amma wuraren da aka rufe sanannu ne, ranakun da ake tsananta abin kuma ana shelanta su tun da wuri, sannan manoma ba su taɓa hana filin jirgin saman Delhi aiki ba. Na daɗe a wannan yanki ina aikin tarbar majinyata 'yan ƙasarmu, da sama musu masauki da mota da tafinta, kuma abin da aikin ya nuna mini shi ne wanda ya san taswirar garin ya kuma zaɓi wurin kwanansa da lura, da wuya rufe hanya ya taɓa shi.

Abin da ya fito da su

Kusan duk wannan gwagwarmaya daga jihohin Punjab da Haryana da yammacin Uttar Pradesh take tasowa, wato rumbun alkama da shinkafar ƙasar. Tun shekarun 1960, lokacin da Indiya ke neman tsira daga yunwa, gwamnati ta ƙulla wata yarjejeniya da manoman yankin wadda ba a rubuce take ba: su noma alkama da shinkafa da sabon iri da taki da ban-ruwa, ita kuma ta saya a kan mafi ƙarancin farashin da take sanarwa kowace shekara. Ana sanar da wannan farashi ga amfanin gona fiye da iri ashirin, amma a aikace alkama da shinkafa ne gwamnati ke saya da yawa, kuma a Punjab da Haryana ne sayen ya fi ƙarfi. Manomi yakan kai amfaninsa kasuwar hatsi ta hukuma, wadda suke kira mandi, ya miƙa wa dillalinsa, a auna, gwamnati ta biya, dillali ya karɓi la'adarsa. Dillalin nan ba baƙo ba ne a wurinka idan ka san Dawanau, domin shi ne mai ba manomi bashin taki da na aurar da 'ya da na jinya, bambancin kawai shi ne a can babban mai saye gwamnati ce, kuma an san farashi tun kafin a yi shuka. Harajin da jiha ke karɓa a kasuwannin nan ma da shi ake gina hanyoyin karkara.

A watan Satumba na 2020 majalisar ƙasar ta zartar da dokoki uku. Ɗaya ta ba kamfanoni da 'yan kasuwa damar sayen hatsi a wajen mandi ba tare da biyan harajin jiha ba, ɗaya ta tsara noman kwangila tsakanin manomi da kamfani, ta uku kuma ta sassauta iyakar abin da ɗan kasuwa zai iya tarawa a sito. Gwamnatin Narendra Modi ta ce ta ba manomi zaɓi ne ya sayar wa wanda ya ga dama. Manoma suka ce lissafin ba haka yake ba: idan mai saye a waje ba ya biyan haraji, zai janye ciniki daga mandi har ta mutu, idan ta mutu gwamnati za ta zame jikinta daga sayen hatsi, daga nan kuma manomi mai eka biyar ya rage shi kaɗai a gaban manyan kamfanoni. Suna kawo misali da jihar Bihar, wadda ta soke dokar irin waɗannan kasuwanni a 2006, inda manoma da yawa ke sayar da shinkafarsu ƙasa da farashin gwamnati. Masana tattalin arzikin da suka goyi bayan gyara suna da hujjarsu, musamman ganin yadda noman shinkafa ke ƙarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa a Punjab. Amma a ganina wanda ya taɓa abincin mutane a tsakiyar annobar korona, ba tare da ya zauna da ƙungiyoyinsu ba, ya kuma wuce da dokar a majalisar dattawa da ƙuri'ar murya cikin hayaniya, shi ya kira abin da ya biyo baya.

Me ya sa sai titi

Da farko ba titi suka tare ba. Daga 24 ga Satumba 2020 manoman Punjab sun zauna a kan layin dogo, aka yi kusan wata biyu jiragen kaya ba sa shiga jihar, har kwal ya yi ƙaranci a tashoshin wutar lantarki, taki ya yanke a daidai lokacin shukar alkama. Wahalar ta tsaya a kan jiharsu, masu mulki a Delhi kuwa ko a jikinsu. Wannan ne ya sa suka yanke shawarar kai kukansu ƙofar babban birnin a ranar 26 ga Nuwamba. Lokacin ma da lissafi aka zaɓe shi, domin an gama girbin shinkafa, an shuka alkama, ba wani babban aiki kuma sai girbin watan Afrilu. Manomin Punjab yana da tarakta, yana da tirelar da ake ja da ita, sai ya lulluɓe tirelar da tamfol, ya shimfiɗa ciyawa da katifa, ya loda gari da wake da itace na watanni. Ƙauyuka suka riƙa yin karɓa-karɓa, wasu su dawo gida ban-ruwa wasu su maye gurbinsu, al'adar mabiya addinin Sikh ta dafa abinci kyauta ga kowa kuma ta ɗauke musu nauyin ci da sha.

Sun nemi a bar su su shiga tsakiyar birni, aka hana. An yi musu tayin wani fili a unguwar Burari, suka ƙi, suna cewa kurkuku ne marar rufi, domin sun san wanda aka killace a fili ana iya mantawa da shi, wanda ya zauna a kan babbar hanya kuwa dole a yi maganarsa. Haka suka yi zango a mashigun birnin, wato Singhu, a kan babbar hanya mai lamba 44 da ta nufi Sonipat da Panipat da Ambala har Jalandhar, da Tikri a kan hanyar Rohtak, da Ghazipur ta gabas a kan hanyar Meerut, wasu kuma a Shahjahanpur a kan hanyar Jaipur. Kotun Ƙoli ta dakatar da aiwatar da dokokin a ranar 12 ga Janairu 2021, ba su tashi ba. Sai da Modi ya sanar da janye su a 19 ga Nuwamba 2021, majalisa ta soke su a 29 ga watan, sannan manoman suka fara kwashe kayansu a 11 ga Disamba.

Wa ya rufe hanyar a zahiri

Wannan tambaya tana da muhimmanci ga matafiyi fiye da yadda ake zato. Tarakta ba ita kaɗai ta rufe hanya ba. Tun ranar farko 'yan sandan Haryana sun haƙa ramuka a kan titi, sun gitta manyan akwatunan kaya da motocin yashi, sun yi amfani da motocin feshin ruwa da barkonon tsohuwa. Bayan tarzomar 26 ga Janairu 2021, ranar da wasu masu zanga-zanga suka kauce wa hanyar da aka amince suka kutsa har tsohuwar fadar nan ta Red Fort, 'yan sandan Delhi sun zuba kankare tsakanin shingaye, sun kafa ƙusoshi a kwalta, sun ja waya mai kaifi. Da maganar ta je gaban Kotun Ƙoli a watan Oktoba 2021, alƙalai sun ce manoma suna da 'yancin zanga-zanga amma ba su da 'yancin toshe hanya har illa ma sha Allahu, lauyoyin manoma kuma suka amsa cewa 'yan sanda ne suka toshe. Kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya.

A zagaye na biyu abin ya fi fitowa fili. A ranar 13 ga Fabrairu 2024 wasu ƙungiyoyi sun sake ɗaukar hanya, wannan karon suna neman a mayar da farashin da gwamnati ke lamuncewa ya zama doka a kan dukkan amfanin gona. Gwamnatin Haryana ta tsayar da su tun a iyakarta da Punjab, a Shambhu kusa da Ambala da kuma Khanauri, ta gina shingayen kankare, ta riƙa sako musu barkonon tsohuwa da jirage marasa matuƙa. Wani matashin manomi ya rasa ransa a Khanauri a 21 ga watan. A watan Yuli na shekarar Babbar Kotun Punjab da Haryana ta umarci gwamnatin Haryana ta buɗe Shambhu, gwamnatin ta garzaya Kotun Ƙoli, hanya ta ci gaba da zama a rufe har 19 ga Maris 2025, lokacin da 'yan sandan Punjab suka tsare shugabannin suka rushe zangon. Darasin da ke ciki ga mai jinya shi ne manoman sukan matsa wa motar asibiti ta wuce, kuma na sha ganin hakan a ranakun yajin aiki, amma katangar kankare ba ta matsawa kowa. Saboda haka kada direba ya ce maka ku bi ta iyakar da aka rufe wai za a tausaya wa marar lafiya.

Waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu

Ina tausaya wa manoman, kuma ƙungiyoyinsu sun ce kimanin mutum 700 daga cikinsu sun rasu a zaman farko, wasu saboda sanyi, wasu saboda ciwo, wasu a haɗarin mota, ban da abin da ya faru a Lakhimpur Kheri a 3 ga Oktoba 2021, inda motoci suka bi ta kan masu zanga-zanga, rayuka takwas suka salwanta a rikicin. Amma adalci ne a faɗi cewa nauyin rufe hanyar bai sauka a kan ministoci ba. Ya sauka ne a kan leburan masana'antun Kundli da ke maƙwabtaka da Singhu, da masu ƙera takalma na Bahadurgarh kusa da Tikri, waɗanda kayan aikinsu da ma'aikatansu ke ƙetare iyakar kullum, da masu gidajen mai da gidajen abinci na bakin hanya waɗanda cinikinsu ya tsaya cik. Wata mazauniyar Noida, garin da ke maƙwabtaka da Delhi ta gabas, da ta kai ƙara Kotun Ƙoli ta ce tafiyar da ta saba yi cikin minti ashirin ta koma ta awa biyu. Manyan motoci suka karkata zuwa hanyoyin ƙauye waɗanda ba a gina su don irin wannan nauyi ba, suka farfasa su, ƙura ta turnuƙe gidaje, masu a-daidaita-sahu kuma suka ninka kuɗin mota saboda zagaye. A zaman Shambhu 'yan kasuwar Ludhiana da Jalandhar da Ambala ne suka fi kokawa, kuma kokensu yana cikin abin da ya sa gwamnatin Punjab, wadda da farko take tare da manoman, ta juya musu baya. Tare hanya makami ne mai ƙarfi a kwanakin farko, amma idan ya daɗe yakan cinye goyon bayan maƙwabta, alhali goyon bayan nan ne jarin mai zanga-zanga.

Yadda za ku tsara tafiyarku

Abu na farko, ka tambayi asibitin ainihin garin da yake, domin abin da mu ke kira Delhi a dunƙule ya ratsa hukumomi uku. Akwai Delhi kanta, akwai Gurugram da Faridabad waɗanda ke cikin Haryana ta kudu, akwai Noida da Ghaziabad waɗanda ke cikin Uttar Pradesh ta gabas, ƙetaren kogin Yamuna. Filin jirgin sama na Indira Gandhi yana kudu maso yamma, kusa da Gurugram, nesa da Singhu da Ghazipur, Shambhu kuwa tana can kimanin kilomita 200 a arewa. Yawancin asibitocin da 'yan ƙasarmu ke zuwa suna kudancin Delhi ko Gurugram, shi ya sa dogon zaman dirshan bai taɓa su sosai ba.

Abin da ya fi cutar da majinyata a aikina shi ne ranar da aka yi shelar tattaki ko yajin aikin ƙasa baki ɗaya. A irin wannan rana 'yan sanda sukan matse dukkan mashigun birnin, har waɗanda ba manomi ko ɗaya a kusa da su, su mayar da layi takwas ya koma biyu suna duba motoci. Haka aka yi a 27 ga Satumba 2021, inda motoci suka yi cirko-cirko na tsawon kilomitoci a mashigar Gurugram, haka kuma aka yi a mashigar Noida a 2 ga Disamba 2024, ranar da manoman yankin suka fito neman diyyar filayensu. Sauƙin abin shi ne ana sanar da ranar da kwanaki, wani lokaci har da awannin, kamar toshe hanya na 6 ga Fabrairu 2021 da aka tsara daga ƙarfe 12 na rana zuwa 3, kuma 'yan sandan kula da zirga-zirga na Delhi sukan fitar da sanarwar hanyoyin da za a kauce wa.

Daga nan ne ƙa'idar da nake ba kowa ta fito: kada iyakar jiha ta shiga tsakanin gadon da Hajiya za ta kwana da ƙofar asibiti. Za a kwaɗaita maka masauki mai rahusa a wata unguwa, ko inda 'yan gida suka fi yawa, ga masallaci ga abincin da aka saba. Ban raina waɗannan ba, domin kewa tana ƙara wa marar lafiya ciwo. Amma wadda aka yi wa aikin gwiwa za ta riƙa komawa gashi da motsa ƙafa kusan kullum na tsawon makonni, zaman awa biyu a mota da ƙafa a lanƙwashe kuma azaba ce gare ta ko da babu zanga-zanga. Ka nemi ɗaki wanda minti goma zai kai ku asibiti, a bene mai na'urar hawa ko a ƙasa, ko da ya fi tsada. Abincin gida ana iya kawo muku shi, ko ku dafa da kanku.

Jirgin ƙasa na cikin gari, wato Metro, yana bi ta sama ko ta ƙarƙashin ƙasa, saboda haka cunkoso bai shafe shi ba, kuma yana kaiwa Gurugram da Noida da Faridabad, akwai ma layi na musamman zuwa filin jirgin sama. Zai yi maka amfani kai mai jinya wajen sayen magani da zirga-zirgar takardu. Ga Hajiya a makonnin farko ban ba da shawararsa ba saboda turereniya, sannan a ranakun tashin hankali hukuma takan rufe wasu tashoshin. Ranar dawowa gida, idan ta zo daidai da ranar da aka yi shela, ku tashi tun da asuba ko ku kwana a masaukin da ke kusa da filin jirgin. Ka sayi tikitin da ake iya sauya wa rana, ka bar tazara tsakanin ranar da likita ya ce zai sallame ku da ranar ƙarewar biza, idan jinya ta ja kuma ofishin rajistar baƙi yana tsawaita bizar jinya da takardar asibiti, amma tun kafin ta ƙare ake nema. Ka tanadi maganin mako guda a hannu kodayaushe. Ka kuma rubuta lambar likita da ta direba a takarda, domin hukuma takan katse intanet na waya a yankunan da ake zanga-zanga, a lokacin manhajar kiran tasi da ta taswira ba za su yi aiki ba. Lambar neman agajin gaggawa a ƙasar ita ce 112.

Idan ya kasance asibitin yana Chandigarh ko Mohali ko wani gari a Punjab, lissafin ya sauya, domin hanya mai lamba 44 ita ce jijiyar tafiyar. A irin wannan hali jirgin sama na cikin gida ya fi, domin layin dogo ma ba shi da tabbas: a watannin Afrilu da Mayu na 2024 manoma sun zauna a kan layin a tashar Shambhu fiye da wata guda, aka soke jirage masu yawa aka karkatar da wasu.

Akwai kuma gargaɗin da ba na gajiya da yi wa matasa masu rakiya. Kada sha'awar kallo ko ɗaukar hoto ta kai ka wurin zanga-zanga, ko da an ce maka ana raba abinci kyauta kuma mutanen masu karamci ne, wanda gaskiya ne. Bizarka ta rakiyar marar lafiya ce, hukumomin ƙasar kuma ba sa wasa da baƙon da suka gani a taron siyasa. A ƙarshen 2019 an umarci wani ɗalibi Bajamushe da ke karatu a Chennai ya bar ƙasar saboda ya shiga wata zanga-zanga. Idan haka ta same ka, Hajiya ce za ta rage ita kaɗai a gadon asibiti.

Iyakar wannan shawara

Aikina tsara tafiya ne, ba likitanci ba, saboda haka ranar aiki da tsawon zama likitan Hajiya ne zai yanke, kuma ban ga dalilin ɗage aikin da ake buƙata saboda tsoron manoma ba. Har lokacin da aka tashe su daga Shambhu ba a yi dokar farashin da suke nema ba, don haka abin yana iya dawowa, kuma zaman biyu da na ambata duk sun fara ne tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da gona ba ta buƙatar mai ita. Watannin nan ne kuma hayaƙin ƙona karan shinkafa da hazo mai kauri ke lulluɓe Delhi, su jinkirta jirage su kuma takura wa tsofaffi masu ciwon ƙirji ko hawan jini. Idan likita ya ba ku zaɓi, ku nemi ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, bayan hazo ya ɗaga kuma kafin zafin Mayu ya sauka. Mako guda kafin ku tashi ka kira ofishin asibitin mai kula da majinyata baƙi, ka tambaye su ko an yi shelar tattaki ko yajin aiki a ranar saukarku, ka kuma nemi su aiko da motarsu ta ɗauke ku daga filin jirgi.